Dokin Wane Ne Wannan? Bukukuwanmu da Wayar Hannu

A duk garin da ake hawan Sallah, kafin rana ta faɗi wayoyin jama'a sun cika da dawaki. Ka buɗe Facebook, doki. Ka leƙa TikTok, doki. A WhatsApp ma 'yan uwa na ta turo maka bidiyon mahaya cikin alkyabba da rawani, ƙura na tashi, 'yan bindiga na buga wuta. Hotunan suna da kyau, wasu ma sun isa a rataye su a bango. Samarin da ke ɗaukar su sun ƙware, ina kuma jinjina musu. Amma ka tsaya a kan hoto guda ka yi tambaya: wane ne a kan dokin nan? Wace sarauta yake riƙe da ita? Daga wace gunduma ya taso da jama'arsa? A wane gari aka ɗauki hoton, a wace shekara? Sau da yawa abin da za ka tarar a ƙarƙashinsa bai wuce kalma biyu ta Turanci da 'yar alamar wuta ba.

Ni a ganina nan gizo ke saƙar. Muna da masu ɗaukar hoto, muna da masu kallo, muna da bukukuwan da ba kowace al'umma ke da irinsu ba, amma masu bayani sun yi mana ƙaranci. Hoton da ba suna a jikinsa yakan burge mutum na ɗan lokaci, ya danna masa alamar so, ya wuce. Bai ƙaru da komai ba. Ba zai taso daga Legas ko Yamai ko Kumasi ya zo kallo ba, kuma ko sisin kwabo ba zai shiga aljihun badukun da ya ɗinka kayan dokin ba. Tallar da za ta amfani biki ita ce wadda ta faɗi suna, ta faɗi rana, ta nuna hanya, ta kuma kai ciniki ƙofar waɗanda suka sha wahalar haɗa shi.

Mu ɗauki hawan Kano. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta saka shi cikin jerin al'adun gado na duniya. An yi murna a shafuka, an yi ta tura labarin, abin ya kuma cancanci murna. To amma cikin masu turawar, mutum nawa ne za su iya rarrabe ranakun hawan? Ranar Sallah sarki yakan fita Idi, ya dawo bisa doki ta cikin gari. Kashegari da yamma hawan Daushe, inda yakan zaga ya biya Babban Ɗaki ya gai da mahaifiyarsa, sannan ya dawo Ƙofar Kudu a yi jahi. Rana ta uku hawan Nasarawa: ziyarar gidan sarki na Nasarawa inda aka binne wasu magabatansa, da gidan gwamnati, da ratsawa ta Sabon Gari inda baƙi mazauna Kano ke fitowa gaisuwa. Sai hawan Ɗorayi ko na Fanisau, mai kai sarki bayan gari. Kowace rana da ma'anarta. Ɗaya ta ibada ce, ɗaya ta girmama uwa, ɗaya ta hulɗar sarauta da hukuma da baƙi. A waya kuwa duk sun zama abu guda, wato dawaki da ƙura.

Haka nan mahayan. Wanda ya tashi a cikin birni ya san ɗan lifidi daban, ɗan sulke daban. Ya san dogarai da jar rigarsu mai ratsin kore, ya san zagage, ya san Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama. Ya san Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta su ne masu zaɓen sarki, don haka wucewarsu ba wucewar kowa ba ce. Ya san rawani mai kunne biyu ba kowa ke naɗa shi ba, kakaki ba kowa ake busa wa ba, tagwayen masu kuma ba ado ba ne kawai a hannun sarki. Duk wanda ya iya karanta waɗannan alamu, hawa a wurinsa darasin tarihi ne mai tafiya bisa ƙafa huɗu: zai ga wace zuriya ce ta riƙe wane gari, wane gida ne ke gaba da wane. Wannan ilimi yana nan a kawunan dattawa da bayin sarki da maroƙa. Kaɗan daga cikinsa ne ya hau intanet, kuma yaran da aka haifa a sababbin unguwanni, waɗanda ta waya suka fi ganin hawan garinsu, ba su da inda za su same shi.

Ba yau Bahaushe ya fara talla ba. Tun kafin rediyo muna da sanƙira. Aikinsa kuwa faɗin suna ne: wane ɗan wane, jikan wane, ga abin da ya kawo, ga ranar da za a taru, ga inda za a taru. Sanƙiran da ya tsaya tsakiyar taro yana cewa "kai, abin ya yi kyau" ba tare da ya ambaci kowa ba, ba a sake gayyatarsa. Wannan aikin ne wayar hannu ta gada, kuma da ma'auninsa ya kamata mu auna masu shafukanmu. Gidajen rediyo da talbijin na jihohi sun daɗe da gane haka. Masu sharhinsu kan zauna tun daga farkon hawa har ƙarshensa suna faɗin kowane hakimi da sarautarsa da ƙasarsa, wani lokaci har da tarihin gidansu. Da za a haɗa bakin waɗannan dattawan masu sharhi da idon samarin nan masu kyamara, da an yi maganin rabin matsalar cikin Sallah guda.

Abin ba ya bukatar kwangila. Masarautu da dama yanzu suna da shafukansu. Me zai hana, saura mako biyu Sallah, a riƙa fitar da hakimi ɗaya ko biyu kowace rana, da hotonsa da sarautarsa da launin kayan jama'arsa, cikin minti ɗaya? A fitar da hanyar da za a bi, da lokacin fita, da inda mata da yara za su tsaya cikin natsuwa, da inda baƙo zai ajiye mota. A yi bayanin da Hausa, da murya, domin da yawa cikin mutanenmu sauraro ya fi musu karatu sauƙi, shi ya sa saƙon murya ya mamaye WhatsApp. Sai a rubuta fassarar Turanci ko Faransanci ko Larabci a ƙasan bidiyon. Ina nanata tsarin: Hausa tukuna, fassara ta biyo baya. Baƙon farko da hawan Kano ke jawowa ba Bature ba ne. Bakatsine ne, da Bazazzagi, da ɗan Maraɗi, da ɗan zangon Akara wanda kakansa ya ba shi labarin gida. Idan muka yi talla da harshen da su ba sa jin daɗinsa don mu burge na nesa, mun bar cinikin da ke bakin ƙofa.

Akwai darasi a wajen maƙwabtanmu na Kudu maso Yamma. A Ijebu-Ode ta jihar Ogun ana yin bikin Ojude Oba a rana ta uku ta Babbar Sallah. Kamarsa da namu a fili take: Musulmi ne suka faro shi don gai da sarkinsu, Awujale, akwai dawaki, akwai bindiga, akwai ado. An daɗe ana yin sa, amma a 2024 ya game ƙasa cikin kwana biyu, bayan da hotunan wani mahayi, Farooq Oreagba, suka bazu. Har Hukumar Raya Al'adu ta Ƙasa ta naɗa shi jakadanta na girmamawa. Mutane da yawa sun ɗauka sa'a ce kawai. Ni ban ɗauka haka ba. Hoton ya faɗo ne a kan ƙasar da aka riga aka share. Ranar bikin sananniya ce, ba ta motsi. Ƙungiyoyin sa'o'in juna da ke fitowa cikin anko kowace da sunanta. Gidajen mahaya kowane da sunansa. Manyan kamfanoni, irin su Globacom, sun daɗe suna ɗaukar nauyinsa. Da jama'a suka tambayi wane ne wannan, nan take aka samu amsa, aka samu labarinsa, har da jinyar sankarar da ya yi shekaru yana fama da ita. Labarin ne ya riƙe mutane bayan hoton ya ja hankalinsu. Ba cewa nake mu kwaikwayi salonsu ba, don hawanmu yana da nasa kwarjini da kunya da bai kamata a taɓa ba. Abin koyi shi ne shirin da ke bayan hoton.

Ba ma sai mun je Kudu ba. A Nijar, gasar kokawar gargajiya ta neman takobi, wadda aka fara a 1975, tana zagaya manyan biranen jihohi takwas, kowace jiha da 'yan kokawarta goma. Idan an fara, ƙasa kan tsaya cik. Abin lura shi ne ba wanda ke tura bidiyon kaye ya ce "wasu 'yan kokawa". Ana cewa wane na Dosso ya kā da wane na Tawa. Tsofaffi na tuna Kantu na Maraɗi, yara sun san Isaka Isaka, kowa ya san jiharsa da gwaninta da kirarinsa. Shi ya sa ɗan Nijar da ke ci-rani a Kano ko Legas ko Aljeriya yake zuba data ya bi gasar kai tsaye, ya kwana yana musu a zauren WhatsApp. Suna ne ke haifar da goyon baya, goyon baya kuma shi ke sa mutum ya dawo baɗi. Rediyo da talbijin na ƙasa ne suka yi shekaru suna dasa sunayen nan, waya ta zo ta tarar da shuka ta yi tsiro.

Sai Ranar Hausa ta Duniya, wadda ita a waya aka haife ta. A 2015 ɗan jarida Abdulbaƙi Jari da abokansa suka faro ta a shafukan sada zumunta da maudu'in #RanarHausa, ba ofis, ba kasafin kuɗi. Yau ana taruwa dominta a fadojin sarakuna da jami'o'i, a Najeriya da Nijar da Gana da wasu ƙasashe. Me ya raya ta? Abubuwa da dama, amma babbansu a ganina shi ne an tsayar mata da rana: 26 ga Agusta, kowace shekara, ko da gwamna ko ba gwamna. Kowa ya san da zuwanta, kowa na iya shiri.

Wannan ya kawo ni Argungu, wadda lamarinta ya fi taɓa ni. Bikin kamun kifin ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, abin da ya rufe babin daɗaɗɗiyar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Wato biki ne na sulhu tun daga tushe, kuma wannan kaɗai labari ne da ƙasar nan ke bukatar ji a yau. UNESCO ta karɓe shi tun 2016. Duk wanda ya ga dubban masunta sun ruga cikin Matan Fada a lokaci guda, kowa da gorarsa da homarsa, ya san ba sai an yi wa abin kwalliya ba. Ga kabanci, da tseren kwalekwale, da kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu, ga kokawa da dambe. Ga Sarkin Ruwa da Homa, masu kula da kogin da masunta, da dokar hana sū a wurin har sai lokacin biki, wadda ita ke sa giwan ruwa ya samu sararin girma. A 2020 an fito da mai nauyin kilo 78. Ga gidan tarihi na Kanta a cikin gari. Kayan talla kam sun yi yawa.

Amma daga 2009 sai da aka kai 2020 kafin a sake yin bikin, bayan nan ma aka ƙara shafe shekaru shiru. Akwai dalilai na gaske, musamman tsaro da ƙarancin ruwa, ba na raina su. Sai dai a faɗi gaskiya: ba shafin da zai iya tallata bikin da ba a san ranarsa ba. Mai zuwa daga nesa yana bukatar watanni ya nemi hutu, ya tara kuɗin mota ko na jirgi zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato, ya kama masauki. Kamfanin da zai ɗauki nauyi yana rufe lissafin shekararsa tun da wuri. Matar da za ta sayar da abinci, da mai saƙa tabarma, da manomin shinkafa da zai baje koli, duk suna son sanin lokaci. Idan sai saura mako uku sanarwa ta fito, waɗanda za su zo su ne manyan baƙi da 'yan rakiyarsu, hotunan da za su cika shafuka kuma na rumfar manya ne, masunta su koma kamar ado a bayan fage. Talla mafi ƙarfi da gwamnatin Kebbi da masarautar Argungu za su yi ita ce su faɗi ranar baɗi a ranar da aka rufe na bana, su kuma cika alkawari shekara biyar a jere.

Kano ma ta ɗanɗana wannan. Tun daga Babbar Sallar 2024 jami'an tsaro sun sha dakatar da hawa saboda taƙaddamar sarauta. Ba hurumina ba ne in shiga shari'ar, amma abin takaici ne a ce shekarar da duniya ta shaida hawan ita ce shekarar da taƙaddamar ta sa aka rufe shi. Wanda ya fi jin jiki kuwa ba ya cikin masu taƙaddamar. Mai ɗinkin alkyabba ne, da maƙerin linzami da likkafa, da mai haɗa sirdi, da mai sayar da harawa, da mabushin algaita.

Waɗannan mutane su ne ya kamata talla ta fi amfana, kuma su ne aka fi mantawa da su. Yau ana samun kuɗi da bidiyo. YouTube na fara raba kuɗin talla da mai tasha idan ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, Facebook ma ya buɗe wa 'yan Najeriya irin wannan ƙofa tun tsakiyar 2024. Ba laifi ba ne saurayi ya ci guminsa, don kyamara da data ba kyauta ake samunsu ba. Amma idan bidiyon makaɗi ya kawo kuɗi, makaɗin kuma ko sunansa ba a rubuta ba, an ci haƙƙinsa. Dambe ya nuna mana fuska biyun. Tashoshi irin su Dambe Warriors sun kai wasan idon miliyoyin mutane a ƙasashen da ba su taɓa jin sunansa ba, har masu zuba jari suka shigo. Wannan ci gaba ne. Tambayar da dole a riƙa yi ita ce nawa ke isa hannun ɗan damben da ya ɗaure hannu ya sha naushi, da makaɗin da ya zuga shi. A dā, waƙar makaɗi Ɗan Anace ce ta sa har gobe ake ambaton ɗan dambe Shago, kowannensu ya ɗaga ɗan'uwansa. Haka ya kamata mai kyamara da mai wasa su kasance, a yi yarjejeniya a fili, a san rabon kowa.

Mafi sauƙin adalci shi ne a rubuta suna da wurin sana'a. In ka nuna rigar da ta burge ka, faɗi wanda ya yi aikin, in ya yarda ka nuna rumfarsa. In ka ɗauki marina a Ƙofar Mata, kada ka tsaya kan kyawun shuɗi, faɗi yadda mai so zai saya. Masu sayar da atamfa da turaren wuta da kayan mata sun riga sun nuna cewa ana ciniki sosai ta Instagram da WhatsApp, har da aikawa ƙasashen waje. Ba dalilin da zai sa dukawa da masaƙa da maƙera su zama su ne na baya, alhali kayansu ne ake kallo.

Akwai masu ƙorafi a kan shigowar waya cikin bukukuwa, ƙorafinsu kuma abin sauraro ne. Dattawan fada na cewa kwarjini na raguwa: yaro ya tsaya gaban dokin basarake yana ɗaukar kansa hoto, ƙananan jirage masu ɗaukar hoto na shawagi bisa kan dawaki suna firgita su. Iyaye na kukan yadda ake ɗaukar 'ya'yansu mata a wurin kallo ba da saninsu ba, a ɗora, a bar su da bakin duniya. Malamai na jan kunne a kan abin da ke biyo bayan neman suna ko ta halin ƙaƙa. Duk gaskiya ne. Amma wayar ta riga ta shiga taro, ba kuma za ta fita ba. Abin da ya rage shi ne a yi mata ladabi. A ware wa masu ɗaukar hoto wuri, a ba su shaida, a faɗa musu inda kyamara ba ta shiga. Su kuma su riƙe ƙa'ida guda ko ba wanda ya tilasta musu: mace ko yaro, ba a ɗora fuskarsu sai da izini.

Sai matsalar da ke cikin manhajojin kansu. An gina su ne su auna abin da ke riƙe ido, su ƙara tura shi. Doki ya kā da mahayi, ko 'yan daba sun zare makami a gefen hawa, wannan zai yi gudun da bayanin tarihin Makama ba zai yi ba. Ta haka sai wanda bai taɓa zuwa ba ya ɗauka hawa fagen sara ne. Ba na goyon bayan a ɓoye ɓarna, domin wanda aka sara ɗan wani ne, kuma maganin daba yana hannun hukuma da masu unguwanni da hakiman da ya kamata su san wa ke bin tawagarsu. Abin da masu shafuka za su iya shi ne kada su bar fili. Idan an tanadi bayani mai daɗi, gajere, da yawa, tun kafin ranar, mai neman labarin hawa zai tarar da abin da ya fi faɗa yawa.

Rashin suna yana kuma buɗe ƙofar ƙarya. Ana ɗauko hawan Zazzau a ce na Katsina ne, a ɗauko na shekara biyar baya a ce na jiya ne. Yanzu ga hotunan ƙirƙirarriyar basira sun shigo, ana zana Sarauniya Amina ko Bayajidda cikin tufafin da ba a taɓa sawa a ƙasar Hausa ba, yara na turawa a matsayin tarihi. Na'urar tana koyo ne daga abin da ta tarar a intanet. In ba ta tarar da lifidi da kwalkwali na gaske ɗauke da sunansu ba, za ta ara daga wata al'umma ta yafa mana. Don haka hoto mai cikakken bayani yana da amfani fiye da na ranar da aka ɗora shi.

Kada kuma mu ɗauki shafi a matsayin ma'adana. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 an rufe Twitter a Najeriya, kuma kullum ana kulle shafukan mutane ko a sace su. Abin da ke kan manhajar wani ba naka ba ne. Ya kamata kowane hawa, kowane biki, a kai kwafinsa mai kyau Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa, ko Arewa House a Kaduna, ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, tare da kwanan wata da sunayen waɗanda ke ciki. Matasan da ke aikin Wikipedia ta Hausa sun riga sun saba da ɗora hoto da bayaninsa inda kowa zai samu, sai a jawo su a jika.

Manyan bukukuwa ko ba komai suna da masu magana da yawunsu. Waɗanda suka fi bukatar waya su ne waɗanda kyamarar talbijin ba ta cika zuwa ba: Sallar Gani a Daura da Gumel, Takutaha a gindin Dala, Uhola a ƙasar Zuru, Bianu a Agadas, tashen yara cikin azumi, kalankuwar ƙauye bayan an kai amfanin gona gida. Wasunsu na nan da ƙarfinsu, wasu kuwa mutum biyu ko uku ne suka rage da suka san yadda ake tsara su. Jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da Abdu Mumuni suna da ɗaliban Hausa da tarihi da aikin jarida masu yawa, kusan kowannensu da waya a aljihu, kuma kowannensu na komawa garinsu hutu. Malamansu na iya mai da wannan aikin jinga mai maki: ɗalibi ya nemi mutum guda da ya san bikin garinsu, ya gaishe shi yadda ya dace, ya nemi izini, ya ɗauki bayaninsa na minti goma, ya rubuta sunansa da sarautarsa da garin da ranar. Kwafi ɗaya ya hau shafin sashen, ɗaya ya shiga ɗakin karatu, ɗaya kuma a mayar wa dattijon da iyalansa.